Babi na Shida: Yadda Hagu da Dama Suka Sauya Mazauni

Da asubahin ranar 13 ga Disamba, 2019, aka bayyana sakamakon zaɓen mazaɓar Bolsover da ke tsakiyar Ingila, sai ga wani dattijo mai shekara 87 ya rasa kujerar da yake kai tun 1970. Sunansa Dennis Skinner. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne, shi ma ya yi shekaru yana shiga rami kafin ya shiga majalisa, inda ya yi suna wajen caccakar masu hannu da shuni da gidan sarauta. Tun da aka yanki mazaɓar a 1950 ba ta taɓa zaɓen kowa ba sai ɗan jam'iyyar Leba, jam'iyyar da ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa. A wannan zaɓe kuwa 'ya'ya da jikokin mahaƙa suka ɗauki ƙuri'arsu suka ba jam'iyyar Kwanzabatib, wato jam'iyyar Margaret Thatcher, matar da ta karya lagon iyayensu a yajin aikin 1984. Sedgefield ma, mazaɓar da tsohon firaministan Leba Tony Blair ya wakilta shekara 24, ta bi sahu. Kujera ɗaya tak Leba ta ƙwace daga hannun wani a duk faɗin Birtaniya a wannan dare, ita ce Putney, unguwar masu hali da ke bakin kogin Thames a Landan.

Wanda ya san siyasar Turai ta shekarun 1970, in aka ba shi wannan labari, zai ce an juya masa takarda baibai. Yadda aka yi har aka zo nan shi ne abin da wannan babi zai bi diddigi.

Su kansu kalmomin biyu daga tsarin zama suka samo asali. A 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, wakilai suna gardama a kan ko za a bar wa sarki ikon hawa kujerar na-ƙi a kan dokokin majalisa. Masu son a bar masa suka taru a hannun daman shugaban zaman, masu son a rage masa ƙarfi suka koma hagu. Suna ya bi su ke nan. Da masana'antu suka bunƙasa, gardamar ta tashi daga kan sarki ta koma kan dukiya: wa ya mallaki ma'aikata, wa yake zubar da gumi a cikinta, nawa gwamnati za ta karɓa daga mai shi ta ba marar shi. Hagu ta zama gidan ma'aikaci da ƙungiyarsa. Dama ta zama gidan mai jari, mai gona babba, da coci.

Bahaushe bai taɓa sakin jiki da waɗannan sunaye ba, kuma akwai dalili. Da dama ake cin abinci, da ita ake karɓa da miƙawa, sannan duk yaron da ya yi makarantar allo ya san ba a fatan zama cikin mutanen hagu ranar gobe ƙiyama. Don haka lokacin da irin wannan gardama ta iso Kano da Zinder, da wasu kalmomi aka yi ta: talakawa da sarakuna, 'yan sawaba, 'yan mazan jiya, masu neman sauyi. Amma tambayar ɗaya ce.

Dama ce ta fara motsawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hatta jam'iyyun 'yan mazan jiya a Turai sun amince gwamnati ta riƙe jiragen ƙasa da lantarki da asibitoci, ta kuma zauna da ƙungiyoyin ƙwadago a yi ciniki. Hauhawar farashi da tsadar mai na shekarun 1970 suka girgiza wannan yarjejeniya. Thatcher ta hau a 1979, Ronald Reagan ya shiga fadar Amurka a Janairun 1981, dukansu da aƙida ɗaya: kasuwa ta fi gwamnati sanin abin da ya dace. Cikin watansa na bakwai Reagan ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da dubu 11 da suka shiga yajin aiki. Harajin da ake ɗora wa mafi yawan kuɗin shiga ya sauko daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 28 kafin ya bar mulki. A Birtaniya ya sauko daga kashi 83 zuwa 40. Thatcher ta sayar da kamfanonin tarho da iskar gas da jiragen sama, ta yi shekara guda tana kokawa da mahaƙa har suka koma aiki hannu rabbana a Maris ɗin 1985.

Duk wannan bai isa ya kawo abin da ya faru a Bolsover ba. Mahaƙin da aka kayar ya san wanda ya kayar da shi, ya kuma san gidan da zai koma ya yi kuka. Abin da ya sauya lissafi shi ne matakin da hagu ta ɗauka bayan haka.

Faransa ce ta fara nuna alama. François Mitterrand ya ci zaɓe a 1981 da ministocin kwaminis a gwamnatinsa, ya mayar da manyan bankuna da masana'antu hannun hukuma, ya ƙara albashi. Masu jari suka kwashe kuɗinsu, darajar faran ta yi ta faɗuwa, sai ga shi a 1983 ya juya akala zuwa tsuke bakin aljihu. Da Katangar Balin ta faɗi a Nuwamban 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamban 1991, sai shugabannin hagu da yawa suka yanke hukuncin cewa gardamar dukiya ta ƙare, jari-hujja ta yi nasara, abin da ya rage shi ne a tafiyar da ita da ɗan tausayi. A Amurka, Bill Clinton na jam'iyyar Dimokurat ya sa hannu a dokar yarjejeniyar ciniki maras shinge da Kanada da Mekziko, wadda ta fara aiki a 1994, ƙungiyoyin ƙwadagon da suka taya shi yaƙin neman zaɓe suna ihu. A 1996 ya shaida wa majalisa cewa zamanin gwamnati mai dogon hannu ya wuce. Blair ya sa aka goge sashe na huɗu na tsarin mulkin Leba a 1995, sashen da tun 1918 ya yi alkawarin mallakar jama'a a kan hanyoyin samar da dukiya. A Jamus, Gerhard Schröder na jam'iyyar gurguzu mai sassauci ne ya rage kuɗin tallafin marasa aiki daga 2003.

Ya kamata a yi musu adalci. Sun ci zaɓe, wani lokaci da gagarumin rinjaye: Blair ya samu kujera 418 a 1997. Gwamnatinsa ce ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi a Birtaniya, ta zuba kuɗi a asibitoci da makarantu, ta rage talaucin yara. Amma lissafin da suka yi a kan tsofaffin magoya bayansu shi ne cewa ba su da wurin zuwa. Mahaƙi ba zai taɓa zaɓen Kwanzabatib ba, saboda haka a bar shi, a je a nemo ƙuri'ar ma'aikacin banki da malamin jami'a. A ganina wannan lissafi shi ne babban kuskuren siyasar Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 20. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu koma Bolsover mu ga abin da shekarun suka haifar. An rufe mahaƙar garin a 1993, haka ta Shirebrook da ke cikin mazaɓar. A filin da mahaƙar Shirebrook take, daga baya aka gina wani katafaren rumbun ajiyar kayan wasanni. Aikin rami yana da haɗari, yana cin huhu, amma yana da albashi mai tsoka, da fansho, da ƙungiya mai ɗakin taro da ƙungiyar ƙwallo da 'yan badujala, da mutuncin da mutum yake ji in ya ce shi mahaƙi ne. Aikin rumbu kuwa na ɗan kwangila ne, a kira ka yau a ƙi kiranka gobe. A 2004 gwamnatin Blair ta buɗe ƙofa nan take ga ma'aikata daga Folan da sauran ƙasashen gabashin Turai da suka shiga Tarayyar Turai, alhali Jamus da Faransa sun jinkirta. Da yawa daga cikin masu aikin rumbun daga can suka zo. Ba laifinsu ba ne. Neman abinci ya kawo su, kamar kowane ɗan ci-rani. Amma ɗan gari da ya yi ƙorafi, sau da yawa amsar da yake samu daga jam'iyyarsa ita ce yana da ƙyamar baƙi. A ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016, kimanin kashi 70 cikin ɗari na mutanen Bolsover suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Shekara uku bayan haka Boris Johnson na Kwanzabatib ya zo da alkawarin kammala ficewar, suka bi shi.

Labarin Amurka ya fi girma, fasalinsa dai ɗaya. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001. Tsakanin 2000 da 2010 guraben aikin masana'antu a Amurka suka sauko daga kimanin miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12; injuna sun ci wasu, kayan Sin masu araha sun ci wasu. Jihar West Virginia, ƙasar duwatsu da kwal, ta zaɓi ɗan Dimokurat ko a 1988 lokacin da jihohi 40 suka juya masa baya. Ta zaɓi Clinton sau biyu. A 2016 ta ba Donald Trump fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. A arewacin Faransa kuwa, garin Hénin-Beaumont da ke yankin kwal, wanda ya daɗe a hannun 'yan gurguzu, ya zaɓi magajin gari daga jam'iyyar Le Pen mai ƙiyayyar baƙi a 2014 tun a zagayen farko.

Masanin tattalin arzikin nan na Faransa, Thomas Piketty, ya bi alƙaluman zaɓe na Faransa da Birtaniya da Amurka tun daga bayan yaƙi, ya gano abin da ya zama ƙashin bayan wannan sauyi. A shekarun 1950 da 1960, gwargwadon ƙarancin karatun mutum gwargwadon yiwuwar ya zaɓi hagu. Sannu a hankali abin ya juya, har ya zama mai digiri shi ne ɗan hagu. Hagu ta koma jam'iyyar masu ilimin boko mai zurfi, dama ta ci gaba da riƙe masu dukiya, ma'aikacin da bai yi jami'a ba ya tsaya a tsakiya ba mai yi da shi. Da yawansu ma ba sauya sheƙa suka fara yi ba, daina fita zaɓe suka yi.

Wannan ya sauya har da abin da ake faɗa a kai. Jam'iyya tana magana ne da harshen mutanen da ke zuwa taronta. Da ɗakin taro ya cika da lauyoyi da malamai da 'yan jarida, sai batutuwan da ke gabansu suka hau sama: sauyin yanayi, 'yancin mata, wariyar launin fata, auren jinsi, haƙƙin baƙin haure. Wasu daga cikin waɗannan batutuwa na gaskiya ne masu nauyi, kuma baƙar fatan Amurka ba zai manta cewa dokar 'yancin jama'a ta 1964 shugaban Dimokurat ne ya sa mata hannu ba, duk da cewa ta jawo wa jam'iyyar asarar jihohin kudu. Sai dai mai digiri a Landan ko Faris in ya ce a rufe mahaƙar kwal don a ceci duniya, ba aikinsa ne zai tafi ba. Kuma akwai abin da alƙalumma ba sa iya aunawa, wato raini. Talaka yakan jure yunwa fiye da yadda yake jure a nuna masa bai waye ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dama ta ga tsagar, ta sake kamanni don ta shige. Jean-Marie Le Pen a shekarun 1980 mai sha'awar Reagan ne, mai kiran a rage haraji a rage gwamnati. 'Yarsa Marine ta karɓi jam'iyyar a 2011 ta riƙe ƙiyayyar baƙi, amma ta ɗora mata kare fansho da kare masana'antun gida. A 2023 tana cikin masu adawa da ɗaga shekarun ritaya zuwa 64. Uban ya samu ƙasa da kashi 18 a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002, 'yar ta haura kashi 41 a 2022. A wannan zaɓen 'yar takarar jam'iyyar gurguzu, jam'iyyar Mitterrand, ba ta kai kashi 2 ba. A Folan, jam'iyyar 'yan mazan jiya masu riƙo da coci ce ta fito da tallafin yara na wata-wata a 2016. A Amurka, jam'iyyar Rifablikan da ta yi shekaru tana wa'azin ciniki maras shinge ta wayi gari shugabanta yana ɗora kuɗin fito kashi 25 a kan ƙarfen waje a 2018. Joe Biden da ya gaje shi bai cire kuɗin fiton da aka ɗora wa kayan Sin ba, ƙari ma ya yi. A Yulin 2024 shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Teamsters ya hau mumbarin babban taron Rifablikan, abin da ba a taɓa gani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka dama ta zama gatan talaka. Babbar dokar da Trump ya samar a zangonsa na farko ita ce ta Disamban 2017, wadda ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin jam'iyyar suna nan daram. Abin da sabuwar dama ta ba ma'aikaci shi ne amincewa cewa an cuce shi, da kuma wanda zai ɗora wa laifi, kuma sau da yawa wanda ake nuna masa baƙo ne ko Musulmi, wanda ya fi shi rauni. Wannan zalunci ne, ba na kuma ganin hujjar da za ta wanke shi. Ba kuma riƙon dindindin dama ta yi wa waɗannan ƙuri'u ba: a 2024 Bolsover ta koma hannun Leba, amma Leba ta kafa gwamnati ne da kusan kashi 34 kacal na ƙuri'un ƙasa, jam'iyyar Nigel Farage ta sabuwar dama kuma ta kwashi kashi 14. Mai zaɓen ya zama marar gida, yana gwada wannan yana gwada wancan.

Musulmin da ke zaune a can sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. A kan shige da fice da ƙyamar Musulunci, hagu ce ke tsaya musu. A kan iyali da tarbiyyar yara, bakinsu ya fi zuwa ɗaya da dama. A garin Hamtramck na jihar Michigan, majalisar gari wadda duk 'ya'yanta Musulmi ne ta hana kafa tutar 'yan auren jinsi a gine-ginen hukuma a 2023, 'yan hagun da suka taya su murnar cin zaɓe suka ji an ci amanarsu. A 2024, cikin fushin yaƙin Gaza, Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, garin da ya fi kowane yawan Larabawa a Amurka in an auna da yawan jama'arsa.

Guguwar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba, don aƙidar Thatcher da Reagan ta iso Afirka ta hannun Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Kafin nan Arewacin Najeriya yana da hagu ta gaske, ko da ba a kira ta da sunan ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a kan cewa akwai talakawa akwai masu danne su. Magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Wannan siyasa ce da manomi da makiyayi suka ji a aljihunsu. Rikicin 'yan santsi da 'yan taɓo ya raba jam'iyyar, aka tsige Balarabe a 1981, Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilun 1983. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP: aka karya darajar naira, aka soke hukumomin sayen amfanin gona, aka fara sayar da kamfanonin gwamnati. Kwamitin da shi da kansa ya naɗa don jin ra'ayin jama'a ya ba da shawarar a bi tafarkin gurguzu, gwamnati ta yi watsi da shawarar. A Oktoban 1989 ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da aka ce ta ɗan karkata hagu, da NRC da aka ce ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, kuma ba wadda aka yarda ta taɓa tsarin SAP. Hagu da dama suka zama tambarin da soja ke mannawa.

Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharada da Bompai a Kano sun bi hanyar da mahaƙun Bolsover suka bi, ƙungiyoyin ma'aikatansu suka bi su. Gardamar da ta maye gurbin ta dukiya ita ce ta yanki da addini da karɓa-karɓa. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, 'yan adawa masu kiran kansu 'yan ci gaba suna sahun gaba wajen yin tir. A zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin, har da Obi da ya tsaya a jam'iyyar da ƙungiyar ƙwadago ta kafa. Ana iya kawo hujjoji masu ƙarfi a kan ɓarnar da ke cikin tallafin. Abin da nake nunawa shi ne, a kan batun da ya fi kowane taɓa tukunyar talaka, mai zaɓe bai samu zaɓi ba. Tinubu ya sanar da cirewar a jawabin rantsuwarsa ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500.

A watan Agustan 2024 matasa suka cika titunan Kano da Kaduna suna kukan yunwa, babu wata jam'iyya a gabansu da ta tsara musu buƙata ko ta yi magana da yawunsu. A garin da aka haifi NEPU, tutar da wasunsu suka ɗaga ta Rasha ce.